Jajayen Katunan da Anti Ta Ɓoye

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Anti a asibiti, bayan jinyar wata huɗu. Wanda Ya ba mu aron ta Ya karɓi abinSa, mu da muka rage ma a layi muke. Ina zaune a ofis a lokacin, ina fama da wani kuskure a manhaja da ya hana ni sakat tun ranar Litinin, sai saƙon 'yarta ta fari ya shigo wayata, layi biyu kacal. Na karanta, na kife wayar a kan tebur, na ci gaba da kallon allon kwamfuta ban san abin da nake kallo ba.

Anti, kafin azahar zauren waya na masu shirya taronmu ya cika da yabonki. Wannan ya ce uwa ce, wancan ya ce ginshiƙi ce, wani ya ce ba za a sake samun irinki ba. Na yi ta tura saƙonnin da yatsa har na koma shekara biyu baya, na tarar da sanarwar da ta cire ki daga kwamiti tana nan inda aka ajiye ta, babu wanda ya goge, babu wanda ya gyara: "Saboda rashin daidaito a bayanan ra'ayin masu sauraro." Zauren bai canza ba, mutanen ma su ne dai. Don haka wanda ya buɗe wannan rubutu yana neman ta'aziyya mai laushi ya yi haƙuri, ba ita na zo da ita ba. Na zo in wanke sunanki ne, kuma hannuna yana cikin hannayen da suka ɓata shi.

Ga wanda bai san ki ba, aikinki gwajin manhaja. Mu muna rubutawa, ke kina karyawa, ki dawo mana da ita ki nuna mana inda ta tsage. Shekara ashirin da wani abu kina wannan sana'a, kuma duk wanda ya taɓa zama ofis ɗaya da ke ya san dokarki. Ba kya karɓar "ba ya aiki" a matsayin rahoto. Sai mutum ya faɗi abu uku: me ya yi, me ya zata zai faru, me ya faru. Wanda ya zo miki da ƙasa da haka, sai ki dube shi ta saman gilashinki ki ce ya je ya sha ruwa ya dawo. Kowa Anti yake ce miki, har da waɗanda suka girme ki.

Taronmu na masu rubuta manhaja sau ɗaya ake yinsa a shekara, kwana biyu, ɗakuna uku, mutum wajen ɗari shida idan an cika. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka ɗora miki aikin da kowa ya guje wa, wato tattara ra'ayin masu sauraro a kan kowane jawabi. Kafin ki karɓa, tafi ne ma'auninmu, kuma kowa ya san tafi na wanda ya fi yawan abokai ne. Kika zo da katuna kala uku: kore ga jawabin da ya amfani mutum, rawaya ga wanda ba yabo ba fallasa, ja ga wanda bai gamsar ba. Maigidanki, da yake kafinta ne, ya haɗa miki akwatunan katako uku masu 'yar kafa a sama, ɗaya ga kowace ƙofa. Babban ɗakin ke ce a bakin ƙofarsa daga safe har a tashi, da birori ɗaure da zare a jikin akwatin, don kin ce mai rubuta manhaja zai iya tsare sirrin banki amma ba zai iya mayar da biron aro ba.

Dokar ofis kika kawo bakin ƙofar. Kore da rawaya mutum yana iya jefawa haka nan in ya so, amma ja sai da dalili a rubuce. Wanda ya zo da jan kati babu rubutu, sai ki ɗora tafin hannunki a kan kafar akwatin ki miƙa masa biro, layi ya tsaya a bayansa, mutane suna tsaki, ke ko a jikinki. Ba kya karanta abin da ya rubuta a wurin, kuma ba kya tambayar sunansa. Ki ga dai akwai rubutu, sai ki ɗaga hannu.

Idan taro ya watse, kowa ya koma harkarsa, ke naki aikin ya fara. Sati biyu teburin cin abincin gidanki ba ya ganin faranti, katuna ne a jere kina bugawa a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Maigidanki yakan ce shi kaɗai ne mutumin da ya ƙera akwati da hannunsa, akwatin ya kore shi daga teburinsa. Kowane mai jawabi yana samun ambulan, a ciki ga yawan katunan kowane kala, ga kuma dalilan da aka rubuta. Ba kya turawa ta waya, da ƙafarki kike kaiwa, ko ki kira mutum ya zo. Kin ce labarin da zai iya hana mutum cin abinci ba a aika masa shi yana shi kaɗai. Akwai wanda kika bi har tashar mota da ambulan ɗinsa, kika zauna da shi a kan benci har motarsa ta cika.

Ni ma ta ambulan na san ki. Shekara bakwai da suka wuce na yi jawabina na farko, a kan yadda manhajar da muka rubuta wa wani ƙaramin asibiti ta riƙa ba mutum biyu lokaci ɗaya na ganin likita, da yadda muka gano dalili. Ina da in'ina tun ina yaro. A gaban kwamfuta babu wanda ya sani, a gaban mutane kuwa harshena yakan kafe a kan kalma kamar mota a cikin yashi. Ranar majigi ya ƙi kama kwamfutata na minti biyar, gumi ya jiƙa min riga, na fara a makare kuma a rikice. Akwai inda na maƙale har wani daga baya ya ƙarasa min kalmar da ƙarfi, aka yi dariya. Na sauko da niyyar ni da wannan dandamali har abada.

Bayan sati biyu kika kira ni ofishinku. Muka zauna a ɗan ɗakin shan shayi, kika ture kofunan da ba a wanke ba, kika miƙo min ambulan. Kore goma sha tara, rawaya ashirin da biyu, ja talatin da ɗaya. A ƙasa ga dalilan: rubutun majigin ya yi ƙanana, na baya ba su gani ba, na cinye minti ashirin a gabatarwa, na juya wa mutane baya ina karanta allo, ban nuna yadda aka gyara kuskuren ba sai da lokaci ya ƙure. Duk gaskiya ne, kuma duk abin da zan iya gyarawa ne. Amma irinmu ba ma ganin jeri mu wuce ba mu ƙidaya ba. Na ƙidaya dalilan jan na samu ashirin, na ce miki saura goma sha ɗaya.

Kika ce, "An ƙidaya maka su, jan yana nan talatin da ɗaya, ban rage maka ko ɗaya ba. Amma waɗancan ba a kan jawabinka aka rubuta su ba. Abin da ba za ka iya gyarawa ba, ba aikinka ba ne ka karanta shi."

Ban ƙara tambaya ba, don na gane. Ina so mai karatu ya riƙe wannan wurin da kyau: tun daga ranar na san abin da kike yi da irin waɗannan katunan, kuma na san dalilinki.

Daga nan kika sa ni gaba. Duk Asabar da safe, har wata uku, ina zuwa ɗakin taron ofishinku in yi miki jawabi ke kaɗai, kina zaune a kujerar ƙarshe da agogo a hannu, ina rubutu a farin allo ina gogewa. Idan na maƙale ba ki taɓa ƙarasa min kalma ba. Jira kike yi, fuska a sake, kamar mai jiran ruwan shayi ya tafasa. Ko a gidanmu ba a iya min wannan haƙurin ba. Shekarar da ta biyo baya na sake hawa, in'inata tana nan yadda take, amma na samu kore sittin da huɗu. Bayan shekara biyu ke ce kika kawo sunana aka sa ni a kwamiti.

Kada wani ya ɗauka lallashi ne halinki. Akwai shekarar da babban jami'in kamfanin da ya ɗauki nauyin taron ya hau ya yi mana tallan kayansu na minti arba'in da sunan jawabi. Jajayen katuna suka cika akwati har sai da aka danna. Shugaban kwamiti, wanda muke ce wa Injiniya, ya ja ki gefe ya ce a duba lamarin, mutumin nan shi ya kama mana ɗakin. Kika ce ɗaki ya kama, bai kama kunnuwan mutane ba. Kika sa ja tamanin da bakwai a ambulan, kika kai masa har ofishinsa. Mutumin ya dawo wata shekarar da jawabi na gaske, har ya gode miki. Injiniya kuwa bai manta ba.

Sai shekara biyu da suka wuce aka yanke shawarar kwashe tsofaffin bayanan taron a zuba a sabon rumbun kwamfuta. Aka ba Dogo aikin, ɗan kwamitinmu ne, shi ne mai kula mana da shafin taron. Dogo ba mugu ba ne, mutum ne mai tsantseni wanda ba ya iya wuce lamba biyu da suka saɓa. Ya yi tunani irin namu sak: tunda kowane jan kati sai da dalili, to yawan jajayen katuna dole ya yi daidai da yawan dalilan da aka buga. Ya rubuta 'yar gajeriyar manhaja ta gwada, ta ce a'a. A shekara tara, dalilai ɗari huɗu da goma sha biyu babu su. Ya fitar da jadawali, sunan kowane mai jawabi da yawan abin da ya ɓace masa, ya tura wa kwamiti. Kafin a kira ki a tambaye ki, magana ta riga ta zaga ofisoshi cewa Anti tana ɓoye sukar da ake yi wa 'yan lelenta.

Aka zauna a ƙaramin ɗakin da kwamiti ke zama a saman bene, mai bangon gilashi, mu tara a kan tebur, jadawalin Dogo a majigi. Ba ki musa komai ba. Kika ce katunan suna wurinki, ba ki yar da ko ɗaya ba, kuma duk an ƙidaya su a sakamakon masu jawabi. Abin da ke kansu zagi ne ga jikin mutum, ko muryarsa, ko shekarunsa, ko suturarsa, ba rahoto a kan aikinsa ba. Kika ce kwamiti ya zaɓi mutum biyu su zo gidanki su karanta a gabanki su ƙidaya, amma ba za a ɗauki hotonsu ba, kuma ba za su isa ga masu jawabin ba. Injiniya ya ce mu al'umma ce da ba ta ɓoye bayanai, ƙa'idarmu komai a buɗe, kuma wa ya naɗa ki alƙaliyar abin da mutum zai karanta da wanda ba zai karanta ba? Ya ce a kawo katunan a ɗauki hotonsu a ɗora a shafi, kowa ya gani ya yanke hukunci.

"Ba zan kawo ba," kika ce. "Rubutun hannu ne, Injiniya. In an ɗora, wanda aka zaga zai karanta, kuma zai gane hannun wanda ya zage shi. Gobe ofis ɗaya za su zauna."

Sunana ne a saman jadawalin. Goma sha ɗaya a jawabi ɗaya, babu wanda ya kai ni, kuma kowa a ɗakin ya san ke kika kawo ni kwamiti. Abin da ake buƙata daga gare ni kaɗan ne. In buɗe baki in ce na san da su tun ranar farko, Anti ta faɗa min, ba ta rage min ja ko ɗaya ba, kuma a kan in'inata aka rubuta su. Na ji maganar a ƙirjina, na kuma ji tsoron in maƙale a gaban mutum takwas, a ce ga ɗan lelen ya tashi kare uwarsa. Na sunkuyar da kai ina wasa da murfin biro. Ba zan ɗora wa harshena laifin ba, don ya sha faɗin abin da ya fi wannan tsawo a gaban mutum ɗari uku. Tsoro ne kawai, da son kujerata.

Aka ɗaga hannu. Biyar suka ce a cire ki, biyu suka ce a'a, ni ban ɗaga wa kowa ba. Kika dube ni sau ɗaya, irin kallon da kike min ranar Asabar idan kina jira in fitar da kalma, kika ba ni lokaci kamar yadda kika saba. Da ba ta fito ba, kika ɗauki jakarki kika yi mana sallama.

Wanda ba ɗan sana'armu ba ne ba zai gane nauyin sanarwar nan ba. Mai gwajin manhaja ba shi da jari sai a yarda da rahotonsa. A ce an cire ta don bayananta ba su daidaita ba, daidai yake da a ce tela yana satar yadi. Makarantar da kike koyar da gwaji a ƙarshen mako ta daina kiranki. Waɗanda a da suke tsallako hanya su gaishe ki suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ba ki rubuta martani ko layi ɗaya ba, don duk martanin da zai wanke ki sai ya fito da katunan.

Mu kuwa muka samu abin da muka nema. Manhajar waya, taurari biyar, ra'ayi yana bayyana nan take a ƙaton allo a wurin shan shayi. Wata baiwar Allah da ta yi mana jawabi mafi kyau a kan tsaron bayanai ta sauko, ta ɗauki kofi, ta ɗaga kai ta karanta abin da aka ce a kan jikinta da manyan haruffa, mutum ɗari suna tsaye a gefenta. Ta ajiye kofin ta fita, ba ta sake zuwa ba. Bana masu neman yin jawabi karo na farko ba su kai goma ba, alhali a zamaninki daga cikin arba'in ake tacewa. Kwamiti ya zauna sau biyu yana binciken dalili, har da zane-zane a majigi. Ina wurin, kuma a nan ma ban ce komai ba.

Sati uku kafin rasuwarki na je asibiti, bayan na yi wata uku ina cewa gobe. Na same ki kin rame, gilashin ya yi wa fuskarki yawa, amma kina nuna wa ma'aikaciyar jinya cewa na'urar da ke gefen gadonki kwanan watan jiya take nunawa. Na zauna na fara neman gafara, na maƙale. Na daɗe ban maƙale irin na ranar ba, kuma kika jira har na kai ƙarshe.

"Na yafe maka tun kafin in gama sauka daga benen," kika ce. "Amma yafiya ba ta gyara rahoto. An rubuta kuskure a kaina, kuma ka san yadda ake kai rahoton kuskure."

Na yi miki alkawari. Sai na ce bari in jira zaman kwamiti na watan Oktoba, a yi abin bisa tsari. Har yau ban san tsarin da nake jira ba, kuma Allah bai nufa ki ga Oktoba ba.

Kwana biyar bayan rasuwarki, 'yarki ta kira ni. Ta ce kin bar wasiyya a kan wasu gwangwanaye: a kira mutum biyu daga kwamiti su ƙidaya, sannan a ƙone. Sharaɗin da kika ba mu a ɗakin gilashi, shi dai kika bari. Na je na ɗauko Dogo daga ofishinsu, ban ba shi zaɓi ba, shi ma bai nema ba. 'Yarki ta share teburin cin abincin nan, ta ajiye gwangwanayen biskit huɗu. A ciki katunan ne, na kowane mai jawabi a ɗaure da roba, da 'yar takarda mai sunansa da shekara. A bayan kowane kati kin rubuta da fensir: an ƙidaya.

Dogo ya zo da jadawalinsa a buge a takarda. Ya fara yana karantawa yana sa alama. Wajen kati na talatin ya daina karantawa, ya kife su yana ƙidayawa ta baya. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, ashe wannan ne aka yi ta neman a ɗora a shafi. Maigidanki yana zaune a bakin ƙofa da carbi a hannu.

Na karanta nawa. "A kawo wanda ya iya magana." "Kafin ya gama kalma ɗaya na je na dawo." Sauran ba zan maimaita ba. Shekarata arba'in da ɗaya, na yi jawabi fiye da goma tun daga lokacin, amma sai da na ajiye su na sake ɗauka kafin in gama. Da na karanta su a ɗakin shayin nan shekara bakwai da suka wuce, wallahi da ban sake tsayawa gaban mutane ba.

Sai Dogo ya ce akwai matsala. Ɗaurina goma sha biyu ne, jadawali ya ce goma sha ɗaya. Wani ɗauri kuma na shekara tara da suka wuce ya gaza da ɗaya, na wani dattijo da muke ce wa Baba, malamin lissafi mai ritaya da ya koyi rubuta manhaja bayan ya haura sittin, ya zo ya nuna mana abin da ya haɗa wa tsohuwar makarantarsa. Na zaro katin ƙarshe a ɗaurina. "Baba ya koma gida ya huta, nan ba wurin tsofaffi ba ne." Rubutuna ne, ga yadda nake kwantar da haruffa zuwa hagu. Na manta da shi kwata-kwata. Ina ganiyar ji da kaina a lokacin, ina zaune a kujerar baya, na rubuta na nuna wa na kusa da ni muka yi dariya, na jefa a akwatinki na wuce.

Wata uku ina rubutu a farin allo a gabanki duk Asabar. Kin gane hannun, kin ɗauko katin daga ɗaurin Baba kin sa shi a ƙarƙashin nawa, kuma ba ki taɓa ce min uffan ba. Kin ci gaba da jirana in fitar da kalma. Ranar da kika ce wa Injiniya wanda aka zaga zai gane hannun wanda ya zage shi, ina zaune kujera biyu daga gare ki ina wasa da murfin biro, ban san har da ni kike rufa wa asiri ba. Baba yana zuwa taro har yau, yana zama a layin gaba, kuma duk lokacin da na sauko shi ne farkon mai miƙo min hannu.

Ƙidaya ta fito ɗari huɗu da goma sha biyu, ba ƙari ba ragi. Dogo ya rubuta ya sa hannu, na sa nawa. Muka fita harabar gidan, maigidanki ya kawo tsohon bokitin ƙarfe, muka ƙone su. Na roƙi 'yarki ta bar min guda ɗaya, wanda na rubuta. Ba zan kai wa Baba ba, don hakan sauke wa kaina nauyi ne in ɗora masa. Yana cikin aljihun teburina a ofis, inda zan riƙa ganinsa duk lokacin da na zo ɗaukar biro.

Yanzu na ji kwamiti yana shirin shiru na minti ɗaya a taron bana, da kyauta mai sunanki ga jawabin da ya fi samun taurari. Na rubuta wa Injiniya na ce a fara sauke sanarwar nan a rubuta gyara a wurinta. Ya amsa cewa lokacin makoki ne, ba na tone-tone ba, a bar wanda ya tafi ya huta. To ni na ƙoshi da shiru. Na yi miki na shekara biyu, ba na buƙatar ƙarin minti ɗaya. Kuma ba za a liƙa sunanki a kan taurarin da aka kore ki aka kawo ba, ina raye ina kallo.

Ga rahoton, Anti, yadda kike karɓarsa. Abin da aka yi: an gwada lamba biyu aka ga sun saɓa, aka cire ki ba tare da an je an duba ba. Abin da aka zata: kina ɓoye suka don kare 'yan lelenki. Abin da ya faru: kin ƙidaya kowane jan kati a kan mai shi, kin riƙe zagi ɗari huɗu da goma sha biyu a gidanki shekara da shekaru, kin gwammace a ɓata sunanki da ki buɗe su. Shaidu biyu ne, ni da Dogo. Wanda ya san gaskiya ya yi shiru kuwa ni ne.

Zan karanta wannan a ranar buɗe taro, ko an sa ni a tsarin ranar ko ba a sa ba. In an kashe makirfo zan ɗaga murya. Zan maƙale, na sani, wataƙila tun a kalmar farko, kuma duk wanda ke ɗakin sai ya jira ni, don ba zan sauka ba sai na kai ƙarshe. In kujerata a kwamiti ake so, a ɗauka, na riga na san abin da ta ci min. Maigidanki ya ba ni akwatin babban ɗakin, ya goge shi ya sa masa sabon kwaɗo. Dogo ya sayo biro hamsin yana ɗaure su da zare. Za a same mu a bakin ƙofar babban ɗaki, kuma wanda ya zo da jan kati babu dalili zai tarar da tafin hannuna a kan kafar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, wanda ya ga abin da aka yi miki kuma ya buɗe mana ƙofarsa, da 'yarki ta fari da ƙannenta biyu, da 'yan'uwanki, da abokan aikinki, da duk wanda ya taɓa karɓar ambulan daga hannunki. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana, Ya tsare muku bayanta da alheri, Ya yafe wa waɗanda suka ɗaga hannu da wanda ya kasa ɗagawa.

Allah Ya jiƙan ki, Anti. Ya sa jinyar da kika sha ta zama kankarar zunubi, Ya yalwata kabarinki Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya Allah, ranar da za a miƙa wa kowa takardarsa, Ka ƙidaya mata alherinta kaf, kada ko ɗaya ya ɓace. Abin da ba za ta iya gyarawa ba kuma, Ka rufe mata shi, kamar yadda ta rufe mana. Amin.